Ranar da Na Kai Sanusi Yaye Jega

Wata Asabar ce cikin bazarar 1993, idan ban yi kuskuren shekarar ba, Inna ta ɗaura mini ƙanena Sanusi a baya a tsakar gidanmu na Gehuru. Ita da kanta ta ja majanyin ta ƙulle, har sai da na ji numfashina ya rage. Yaye za a kai shi wurin Kaka a Jega, kamar yadda aka kai kowannenmu. Baba yana fadama ana cirar albasa, ita kuwa ba ta son Sanusi ya ga fuskarta a hanya. Sai aka dace Malam Garba, malamin kimiyyar su Yaya Bashiru, ya ɗauki hayar a-kori-kura zuwa Jega, inda makarantu za su yi gasar ƙere-ƙere. Shekaruna ba su wuce sha ɗaya ba. Inna ta miƙo mini gorar kunu ta ce, "Kak ki kwance shi, kak ki shiga cunkoso da shi. Daga bayanki sai hannun Kaka." Ba ta faɗi dalili ba, amma na sani. Lokacin sanƙarau ne, kuma ba a daɗe da binne wani yaro a unguwarmu ba, wanda aka ce wuyansa ne ya fara sandarewa.

Abin da Yaya Bashiru zai kai gasar yana lulluɓe cikin buhu a kan cinyarsa a motar da muka shiga. Tun lokacin kaka yake haɗa shi a zaure, da galan-galan na mai, da injin goge gilashin mota da wani makanike ya ba shi, da wayoyin tsohuwar rediyo. Mu yara mun sha leƙe idan mun dawo ɗibar ruwa ko an tashi wasan carafke, yana korarmu. Ni dai ban taɓa ganin abin ya motsa ba, kuma ina jin ban yarda zai motsa ba.

Sanusi ya fara kuka tun kafin mu hau titi. Yana dukan bayana da goshi, yana laluben wuyan rigata, na miƙa masa kunu ta kafaɗa ya ture. Da muka isa makarantar da ake gasar, Malam Garba ya ce direba ba zai ƙarasa da ni unguwar Kaka ba sai an tashi, ni kuma ban san hanya ni kaɗai ba. Ɗakin taron cike yake maƙil, ga 'yan Aliero, ga 'yan Maiyama, ƙasa duk wayoyi da batiran mota masu ruwan da ke cin tufa. Na tsaya bakin ƙofa na duba, na juya. A bayan ɗakin akwai taga ƙarƙashin inuwar dogonyaro, da bulo a gindinta. Nan na hau na tsaya a karkace, ina jijjiga shi. Kusa da ni wata Bafulatana ta sauke ƙwaryar nononta, ita ma tana leƙe.

'Yan Maiyama sun kawo motar gwangwani da ke juyawa da kanta idan ta ci karo da bango. Na Aliero wani fanka ne mai shiƙar hatsi, ya watsa wa alƙalai ƙaiƙayi aka yi ta dariya. Sannan aka kira su Yaya. Ya yaye buhun, sai ga ɗan mutum na gwangwani, tsawonsa bai kai gwiwar babba ba, tsaye gaban ƙaramin jigo irin wanda Baba yake ban ruwa da shi, da kwanon ruwa, da akwatin ƙasa an dasa albasa a ciki. Yaya ya haɗa waya da batir. Shiru. Ya sake murɗawa da haƙori. Sai mutumin ya sunkuya. Ya ja igiyar, gugan ya nutse, ya ɗago a hankali, ya juya ya zuba ruwan a kwalbatin kara, ruwan ya gangara cikin albasa. Ya sake sunkuyawa. Ba wanda ya taɓa shi. Har yau ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Sunkuyon Baba ne sak, har da ɗan tsayawar da yake yi kafin ya ɗago.

A daidai nan na lura bayana ya yi shiru. Ba irin shirun barci ba, domin na san nauyin yaro mai barci. Jikinsa ya ƙage, kansa ya janye daga bayana ya tsaya ƙyam gefe guda. Na kira sunansa, na jijjiga, bai lanƙwasa ba. Mai goyo ba ta ganin fuskar abin da ta goya, an kuma hana ni kwance shi. Na ce wa Bafulatanar, "Inna, don Allah duba min wuyanshi."

Ta ajiye ludayinta, ta zagaya bayana. Na ji ta taɓa goshinsa, ta sa yatsa ƙarƙashin haɓarsa ta juyo shi, kan ya koma inda yake. Sai ta fashe da dariya. "Ke ɗiyag ga, mi kika ma kuka? Kallo shikai! Wanga ya hi ki son kallo. Ga miyau nan har ƙirji." Ta ce idan gugan ya sauka kansa ya sauka, idan ya tashi ya tashi. Na tsaya ina hawaye, mu biyu muna kallon abu ɗaya, har batir ya yi sanyi mutumin ya tsaya a sunkuye. A nan ne matar ta ɗura masa kunun, ya shanye bai ma san yana sha ba.

Su Yaya na biyu suka zo, ina jin, ko na uku. Da la'asar na isa gidan Kaka. Ta kwance majanyin, ta duba shi sama da ƙasa, ta ce, "Angon nawa ya iso lahiya. Kai, miji ba ko goro, sai miyau?" Ni kuma ta shafa mini man kaɗe inda ƙullin ya ci fatata.

Bara na kai 'yata gasar na'urori masu sarrafa kansu da ɗaliban makarantar da nake koyarwa suka shiga. Na goya ta a ƙirji inda nake ganin fuskarta, na toshe mata kunne, na zauna kusa da ƙofa. Na'urorin suna gudu suna ɗaukar kaya, sun fi na Yaya nesa ba kusa ba. Ta dube su kaɗan, ta koma wasa da maɓallin rigata. Wataƙila ta yi ƙanƙanta, wataƙila kuma ta saba ganin abubuwa suna motsi da kansu. Ni dai na yi ta jiran ta ƙage wuya, ba ta yi ba.