Kunyar 'Yar Fari a Ajin Reno

Shekara goma sha ɗaya na yi ina shugabar wata firamare a cikin garin Birnin Gwari, kuma duk wanda ya yi aiki da ni zai gaya maka ina da faɗa. Ban musa ba. Malami ya makara, a bakin ƙofa zan tare shi in wanke shi tas, ba na jiran a shiga ofis. Yawancin faɗan nan har gobe ba na nadamarsa. Guda ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, shi ne zan faɗa.

A daminar da mutanen ƙauyukan wajen Randagi da Kuyello suka yi ta kwararowa cikin gari saboda 'yan bindiga, makarantarmu ta cika har ta batse. Manoma ne, sun bar masara ta fara bunni a gona, suka taho da abin da kai zai iya ɗauka. Manyan azuzuwa sun ɗan jure. Ajin reno, na yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar, shi ne ya gagare mu. Yaran nan ba sa wasa irin na yara. In babura uku suka wuce a jere a kan titi, sai ka ga aji ya koma ƙarƙashin benci, babu mai ko tari. Wani yaro ba ya yarda ya cire takalminsa. Wata kuma in an ba ta ƙosai sai ta tura shi cikin hijabi, ta hana kanta ci.

Malamai biyu na sa a ajin, kowacce ta yi mako biyu ta zo ta ce in yi mata rai. Na ga in ban sami mai riƙe shi ba, sai dai in rufe ajin, yaran su koma zaman tsakar gidajen da aka sauke iyayensu. Wannan kuwa na rantse ba za a yi shi a zamanina ba.

Sai na tuna da wata matashiyar malama da ke koyar da aji uku, 'yar wajen Gayam, siririya, ba ta da yawan magana. Watanni bakwai kafin nan an tare motar da mijinta ya shiga da 'yarsu ta fari, aka kora su daji. Mijin ya dawo bayan wata biyu. Yarinyar, mai shekara huɗu, zazzaɓi ya kashe ta a can, a can kuma aka rufe ta. Da muka je ta'aziyya mu malamai, ita ta shimfiɗa mana tabarma, ita ta kawo ruwa, idonta a bushe ƙamas. Da na fara yi mata gaisuwa sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, kakarta na ciki, ita za ku yi wa." Haka al'adarmu take, uwa ba ta nuna 'yar fari tata ce, ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta kuka a kanta ana gani. Mun san wannan sarai. Amma a hanyar dawowa muka yi ta yabonta, muna cewa kai, yarinyar nan akwai tawakkali, Allah ya ba ta zuciyar manya. Ni na fi kowa ɗaga murya a yabon.

Don haka na kira ta ofis na ce ita za ta karɓi ajin reno. Ta hau murza bakin mayafinta. Na ce, "Ke kin san zafin abin, kin kuma iya haƙuri. Wa ya fi ki dacewa?" Ta ce, "To, Mama."

Wallahi ta iya. Ban taɓa ganin irin aikinta ba. Ita ta zo ta roƙe ni a daina buga ƙarfen tashi a kusa da tagarsu, domin a wasu ƙauyukan ƙarfe ake bugawa in an hango mahara. Ta bar ƙofar ajin a buɗe kullum, ko ana ruwa. In babura suka wuce yara suka shige ƙarƙashin benci, ba ta cewa su fito. Zama take yi a ƙasa kusa da su, ta miƙe ƙafa, ta fara ƙirga yatsunta da ƙarfi a hankali, ɗaya, biyu, uku, har wani ya leƙo ya taya ta. Mai takalmi ta bar shi da takalminsa. Mai ɓoye ƙosai ta samo mata gwangwanin madara mai murfi ta ce ta dinga ajiyewa a ciki, ba mai taɓa mata. Kafin a yi girbi na fara jin dariya daga ajin nan, har na kan tsaya a baranda in saurara.

Sau biyu ta zo mini a wannan zangon. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ai ba za ta faɗa ba. Cewa take yi, "Mama, ko akwai wadda za ta dinga karɓata ko ranar Laraba ce?" Na ce ina zan samo ta, malamai nawa gare ni? Na biyun ta ce, "Ko zango mai zuwa a mayar da ni aji uku?" Na yi dariya na ce, "Haba ke kuwa, ga shi aiki ya yi kyau, sai ki gudu?" Akwai ma wasu da suka zo daga Kaduna suka yi mana bita ta kwana biyu a kan kula da yaran da suka ga tashin hankali. Wata daga cikinsu ta ce malamar da ke riƙe irin yaran nan ita ma tana bukatar wanda zai zauna ya saurare ta. Na gyaɗa kai kamar na ji, a raina ina cewa wannan zancen mutanen birni ne, mu nan da addu'a da haƙuri muke maganin abinmu.

Bayan hutu aka kawo wata sabuwar yarinya daga wajen Kuyello. Goggonta ce ta kawo ta, uwar ba ta fito daga harin da aka kai ƙauyensu ba. Yarinyar ba ta yi wa kowa magana, amma tun ranar farko ta liƙe wa malamar. Duk inda ta yi tana biye, tana riƙe da gefen zanenta.

Abin da na fara lura da shi ya ba ni haushi ƙwarai. Malamar nan da ke goya 'ya'yan kowa, ta share wa kowa majina, wannan yarinyar kaɗai ba ta ɗauka. Ba ta kallonta ido cikin ido. In za ta ba ta alli, sai ta miƙa wa na kusa ta ce, "Ba wa waccan." Ban taɓa jin ta kira sunanta ba, ko a kiran suna na safe sai ta ɗaga kai ta duba ta yi maki ta wuce. Na ga dai yarinyar kullum kanta a tsefe a kitse, na ga an ɗinke mata yagaggen hijabinta, amma ban tsaya na tambayi wa ya yi ba. Na riga na yanke hukunci cewa wariya ce, ta tsani marainiya don ta dame ta.

Ranar wata Talata na shiga ajin na tarar yarinyar ta ɗaga hannu biyu tana so a ɗauke ta, malamar kuwa ta kau da kai tana gyara allo. Raina ya ɓaci, na manta a gaban yara nake. Na ce, "Ke, wane irin rashin imani ne wannan? Me marainiyar Allah ta yi miki? Ɗauke ta yanzu ina gani, ki kuma kira ta da sunanta!"

Ta ce, "Mama, don Allah."

Na ce, "Ba don Allah ba, ɗauke ta na ce."

Ta durƙusa ta ɗauke ta. Yarinyar ta sa mata hannu a wuya, ta kwantar da kai. Malamar ta buɗe baki za ta kira sunan, sai wani kuka ya fito mata wanda ban taɓa jin irinsa a bakin ɗan'adam ba. Ta zube a ƙasa da yarinyar a ƙirjinta tana kururuwa, tana cewa a daji suka bar mata 'yarta, ko kabarinta ba ta gani ba. Yaran kuwa, a ƙauyukansu kururuwar mace ma'anarta ɗaya ce. Wasu suka shige ƙarƙashin benci, wasu suka yi waje da gudu. Sai da muka yi kusan awa ɗaya muna tattaro su, biyu a bayan katangar makaranta muka same su kwance cikin ciyawa.

Washegari ba ta zo ba. Ranar Juma'a da la'asar na je gidansu. Uwar mijinta ce ta tare ni a tsakar gida, tsohuwa mai kaifin baki kamar ni. Ta ce, "Malama, ke ba ki da ɗan fari ne?" Na ce ina da shi. Ta ce, "Kina kiran sunansa?" Ɗana na fari ya haura shekara talatin, har yau "wancan" nake ce masa. Ta ce, "To ita ma kunyar yarinyar take ji. A gurbin tata ta sa ta. Kitson da kike gani a kanta, a nan gidan ake yi mata duk Asabar, ni ake sawa in yi, ita tana ɗaki tana leƙe."

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ni da nake yi wa nawa ɗan irin wannan kawaicin kullum, na gan shi a gabana wata guda cur na kira shi ƙiyayya.

Na shiga ɗakin na same ta zaune a bakin gado. Na ba ta haƙuri, na ce ta dawo, zan nemo mai taya ta, zan ba ta Larabar da ta roƙa, har Alhamis ma. Ta saurare ni har na gama, don tana da ladabi. Sannan ta ce, "Mama, da kin bar ni ina kallonta daga nesa, da na iya. Yanzu na riga na ɗauke ta. In na sake ganinta, ba zan iya mayar wa goggonta da ita ba."

Ba ta dawo ba. Bayan wata ɗaya mijin ya kai ta wurin 'yan'uwanta a Zariya, na ji an ce ta bar koyarwa. Ni na karɓi ajin da kaina, da tsufana da faɗana, na yi iya yina. Ban rufe shi ba, amma yara bakwai iyayensu suka janye su, suka ce tun ranar nan yaran ba sa yarda su doshi ƙofar makaranta.

Marainiyar ta ci gaba da zuwa har ƙarshen shekara, tana zama a bakin ƙofa. A ranar da goggonta ta zo ta ce za su koma wurin dangi a wani gari, na tsuguna ina gyara mata hijabi, sai ta yi mini magana, karo na farko tun zuwanta. Ta ce, "Laifin me na yi wa Anti ta tafi?"

Na ce ba ta yi laifin komai ba, ni ce na yi. Ta dube ni, na kuma ga ba ta yarda ba. Goggonta ta ja hannunta suka fita.