Ra'ayin Tapan Ghoshal Mai Kwafi Uku

Shekara talatin da ɗaya Tapan Ghoshal ya yi yana buga hatimi a ofishin lasisi na wani gari a Bengal. Ko mai shayin bakin titi sai ya yi masa sintiri sau biyar kafin ya samu izinin hura wuta. Yana yin ritaya kuma sai ya koma cewa gwamnati ta cire hannunta daga sana'ar mutane, kowa ya nemi abincinsa ba takarda.

Ya rubuta wannan ra'ayi har shafi tara, ya kai wa Nirmal Sarkhel, editan jaridar mako-mako ta garin. So yake masu shayin da ya wahalar su gani a jarida cewa ya tuba.

Nirmal ya buɗe fayil, ya tarar da kwafi uku, kowanne da sa hannun shaidu biyu, ga takardar neman izinin bayyana ra'ayi a sama. Ya dubi Tapan, ya kira shi Dada, wato yaya a harshensu.

"Dada, kai mai yaƙi da takardu, shi ne ka kwaso mini rabin ofishinku?"

"To haka kawai zan miƙo maka, ko lamba babu?"

"Shafi ɗaya zan buga. Sauran ka kai wa mai gyaɗa ya yi ƙunshi."

Tapan ya yi ta gardama, daga baya ya haƙura. Ranar Juma'a rubutun ya fito. Mai shayin tashar mota ya karanta a gaban Tapan, ya ce, "Dada, ai da tun kana kan kujera ka faɗa." Duk da haka ya matso masa da benci ya zauna.