Goron Sallar da Ba Ya Yankuwa

Mijin yayata mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya cinye awakin 'ya'yansa. A Damari yake noma, Alhaji ne mai buɗaɗɗen zaure. Baƙo ba ya kwana gidansa bai ci nama ba, naman kuwa daga turken yara yake fitowa. A wurinmu kawu kan ba ɗan 'yar'uwarsa 'yar akuya, ta hayayyafa, yaro ya tashi da abin kansa. Na ba babbar ɗiyarsu wata ja, ta tafi a walimar wani da ya dawo daga Makka. Na sake ba ta wata, aka kai ta kasuwa da za a yi wa ɗakin baƙi rufin kwano. Duk aro ne, in ji Alhaji, za a mayar da kaka. Na karanta tarihi gwargwado, ban taɓa cin karo da akuyar aro da ta dawo ba.

Lokacin ina koyarwa a firamare a Faskari, shekarun da kuɗin man fetur suka sa kowane malami ya yi babur da rediyo. A rediyon na ji an ce kamfanonin Turawa su sayar wa 'yan ƙasa hannun jari. Na hau babur na tafi banki Funtuwa, na saya wa yarinyar kaɗan a wani kamfanin sabulu, da sunanta, ni ne mai sa hannu har ta girma.

Ranar ƙaramar salla na kai mata. Ta durƙusa ta gaishe ni tana leƙen bayan babur ko akwai ƙunshin atamfa. Na miƙa mata takardar shaidar jarin, mai ado a gefe. Ta karɓa hannu biyu ta gode, don tana da tarbiyya, amma idonta ya cika.

Yaya ta juya takardar ta ce, "Wannan fa, mi take ci?"

"Ba ta cin komai, Yaya."

"To Allah ya kyauta. Malam, boko ya fara taɓa ka."

Shekara ta zagayo, sai ga Alhaji a ƙofar ajina da takardar a aljihu. Zai yi baƙi daga Sabuwa, turke kuma babu ko ɗan taure.

"Kai ɗan boko, abin nan naka ba ya ciwuwa. Na kai shi kasuwar Ƙanƙara, dillali ya ce in kai wa mai tsire ya naɗe nama."

"Ai sai an je Kaduna, Alhaji, kuma sai da sa hannuna."

"To sa mana. Aro ne."

Da babban wana ne ya faɗi haka, da ba ni da bakin musu. Amma ƙanin mata abokin wasa ne, abin da ba ya faɗuwa da gaske yakan faɗu da raha. Na ce hannuna ya yi targaɗe, kuma likita ya ce ba zai warke ba sai jar akuya ta dawo turke. Ya kira ni marowaci jikan marowata, na kira shi sarkin fawan Damari. Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya tafi ya yanka wa baƙinsa zabi.

Da yarinyar ta ci jarrabawar kwalejin horon malamai mata, damina ta yi gardama a shekarar. Karatu kyauta ne, amma akwatin ƙarfe da katifa da bokiti da kuɗin mota ba kyauta ba ne, kuma babu abin sayarwa a gidan. Yaya ta fara cewa a haƙura sai baɗi, mun kuwa san inda irin wannan baɗin yake ƙarewa. Na ɗauki yarinyar muka tafi banki. Ribar da ta taru ta isa, ba mu taɓa uwar kuɗin ba. Ita da kanta ta zaɓi akwatin, shuɗi mai furanni, ta kuma yi ciniki har mai kanti ya tambaye ni ko 'yar dillali ce.

A tasha na ji Alhaji yana gaya wa mutane, "Ai mu tuntuni muka sa wa yara hannun jari." Ban gyara masa ba, ko da yake gyara sana'ata ce. Da mota ta tashi ya ja ni gefe.

"Ka saya wa ƙannenta su ma, zan kawo kuɗin da kaka. Amma ka riƙe takardun a wurinka, kada ka nuna mani inda ka aje."