Ƙeyar Baba

Mai Aski mutum ne da bai taɓa rasa abin faɗa ba. In ka zauna a kujerarsa mai juyawa, wadda ta daina juyawa tun yana da baƙin gashi, kafin ya gama maka gefe ɗaya ya faɗa maka dalilin tsadar haya da maganin sanƙo, shi da nasa kan ke ƙyalli kamar faranti. Gane mutum ta fuska kuwa, Allah bai ba shi ba. Sai ku yi kiciɓis a hanya ya wuce ka, kana ba shi baya ya ƙwala kira: "Af, ashe kai ne!"

Autarsa ce ta ƙure shi. Ita zane ta karanta, irin na zamani, wanda in ya tsaya a gabansa yakan tambaye ta an gama ne ko fenti ne ya zube. Za ta baje kolin zanen danginsu a wani babban zaure. Ta zana kowa, saura kakanta, mahaifin Mai Aski, wanda ya rasu kafin a haife ta, bai kuma bar hoto ko ɗaya ba.

"Abba, kai kaɗai ka rage da ka san shi sosai. Yaya fuskarsa take?"

"Wannan ai kamar shan ruwa ne! Ɗauko fensir."

Ya ba ta hanci, ya ba ta ido, ya ba ta gemu. Da ta kawo zanen shago, wanda ake yi wa aski ya leƙo ya ce, "Kai, ga mai gyaran rediyo!" Zane na biyu ya fito sak wani direba da ke zuwa gyaran gashin baki. Na uku kuwa, matar Mai Aski ta duba ta ce, "To ni dai wannan ƙanina ne, kuma yana nan da ransa."

Aka yi ta dariya, har da shi, amma tasa ta yaƙe ce. Ya rufe ido ya nemi fuskar Baba, wayam. Mutumin da ya koya masa riƙon almakashi! Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Shago ya yi tsit, har masu zuwa aski suka fara tambaya ko lafiya.

Auta ta zo ta zauna a benci. "Abba, bar fuskar nan. Me kake tunawa?"

Ya yi ajiyar zuciya. "Ni fa a bayansa na girma. Yana aski, ina baya ina share gashi. Da ya tsufa, ni nake yi masa."

"Madubi fa?"

"Madubi na mai kai ne, 'yar nan. Mai askin da ya kalli madubi ya yanke kunne."

Daga nan bakinsa ya buɗe, ya shiga zayyana mata kan Baba ta baya. Ninki biyu a wuya. Kunnen dama ya fi na hagu leƙowa. Tabo a bayan na hagun, inda ƙofar shago ta buge shi. Da wani gashi mai taurin kai a tsakiyar kai, wanda ko da addu'a ba ya kwanciya. Bai ma lura fensirin Auta na ta gudu ba.

Ranar baje koli ya sa rigarsa ta fita kunya. Bango cike da fuskokin dangi, a tsakiyarsu sai ga ƙeya. Matarsa ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah! Kowa ya fuskanci jama'a, surukina kaɗai ya yi fushi."

Mai Aski bai yi dariya ba. Ya nufi zanen kai tsaye, ya tsallake igiyar da aka gitta. Mai gadi ya taso yana cewa, "Malam, ba a taɓawa!" Auta ta ɗaga masa hannu ya tsaya.

Ya ɗora yatsu biyu a bayan kunnen hagu, daidai kan tabon, yadda hannunsa ya saba. Hawaye na bin kumatunsa, bai damu da wa ke kallo ba.

"Baba," ya ce a hankali, "ɗan sunkuya kaɗan."