Bawa da Ya Tafi Neman Gishiri

Garinmu ƙaramin ƙauye ne kusa da Azarori. Da an gama girbi, maza su kan watse neman kuɗi, garin ya koma na mata da tsofaffi da mu yara. Idan ɗari ya shigo, bayan mun ci tuwo, kakata Inna Hajo kan hura wuta da karan gero a ƙofar ɗakinta. Ita ce mahaifiyar babana. Ni da wana Sani da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta, kowa ya rufe ƙafafunsa da zane. Hayaƙi yana tashi a hankali, warin albasa yana zuwa daga fadama, taurari kuwa kamar a miƙa hannu a tsinko.

A lokacin babana ya daɗe a Libiya. Abokan tafiyarsa sun je sun dawo, sun sake komawa, shi ko saƙo babu. A bakin rijiya mata su kan yi shiru idan innata da ta haife ni ta iso. Ni kuwa na riga na gama da shi a raina: mutum ne da ya manta da mu.

Inna Hajo ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa yake buɗewa. Sai ta ce, "Ga wata baƙuwa ta gangaro daga dutse." Mu ce, "A ba ta tabarma." Wani maraice baƙuwar ta zo mana da labarin Bawa.

Bawa manomi ne mai mata da ɗiya ɗaya. Gishiri ya ƙare a garinsu, sai ya ɗaura wa jakinsa mangala, ya ce zai tsallake duwatsu ya samo, zai dawo kafin gawon ƙofar gidansa ya zubar da ganye. Gawo ya zubar, ya sake tohowa, ya sake zubarwa. Ɗiyar da ya bari tana rarrafe har ta fara daka.

Nan Inna Hajo ta tsaya, ta gyara kara a wuta. "To, mi kunka gani? Wane irin mutum na Bawa?"

"Maƙaryaci ne," in ji Sani. Duk muka yarda.

Ta ci gaba. Ashe a hanya Bawa ya tarar da wata tsohuwa ta faɗi a ƙorama, ƙafarta ta karye. Ya sauke kayansa, ya ɗora ta a jaki, ya kai ta garinsu. Garin yana cikin wani kwari, gidajensa farare kamar madara, inuwar mutanensa ba ta taɓa ƙasa. Garin aljanu ne, inda kwana ɗaya yake daidai da shekara goma a wajenmu. Suka ce ba za a bar mai alheri ya tafi da yunwa ba, ya kwana tukuna.

"Yanzu hwa?"

Muka ce ai mutumin kirki ne, ba shi da laifi.

Ta yi murmushi. Ta ce da gari ya waye, tsohuwar ta gaya wa Bawa gaskiyar kwanakin garin. Ya kama jakinsa da sauri. Yana bakin ƙofar gari sai ya ji ana busa sarewa. Ya san abin da kowane jinkiri zai ci masa, amma ya zauna a kan dutse, ya ce bari ya ji wannan busa ɗaya kawai.

Ni ce na fara magana. "Ya sani, Inna. Tun da ya sani ya zauna, bai son ɗiyarsa."

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Rabi, busar nan, waƙar da matarsa ka yi ce in tana lallashin ɗiyar. Da ya ji ta sai ƙahwahunsa sunka mutu. Kin taɓa jin kewar da ka hana mutum tashi?"

Na ce ban taɓa ba. Na tambaye ta ko ya dawo.

"Baƙuwa ta naɗe tabarmarta," in ji ta. "Ku tai ku kwanta."

Na kwanta ina jin haushinta. Sai da na girma na gane cewa ita ma ɗanta take jira, kuma ba ta san amsar ba.

Babana ya dawo ina koleji a Madawa, bayan rasuwar Inna Hajo. Ya sauko daga mota da jaka ɗaya, yana ɗingishi, gemunsa ya yi fari. Wasu suka ce an tsare shi saboda ba shi da takardu. Wasu suka ce aure ya yi can. Innata ta kawo masa ruwa, ta zauna nesa da shi, ba ta tambaye shi komai a gabanmu ba. Ni na tambaye shi sau ɗaya, muna cire albasa. Ya ce, "Kullum ina shirin tahowa, Rabi." Daga nan bai ƙara ba.

Yanzu ina koyar da Ingilishi a wata koleji a Buza. Kwanan baya muka ci karo da kalmar judge a darasi. Yara suka gane ta nan take, don sun saba jin "joji" a finafinan Najeriya. Suka ce alƙali ne mai ɗaure mutane. Na ce haka ne, amma kalmar tana da wani aiki. Ana amfani da ita idan mutum ya dubi wani abu, ya auna shi a ransa, ya tsayar da ra'ayi a kai. Mai sayen rago da ya taɓa bayansa ya ce ya yi ƙiba, abin da ya yi ke nan. Haka wanda ya ga baƙo ya ce wannan ba shi da amana.

Wata ɗaliba mai suna Zali ta ɗaga hannu. "Madam, ke nan dukanmu joji ne?"

Na ce kusan haka.

"Amma shi joji sai ya ji shaidu. Mu wa muka ji?"

Aji ya yi dariya, ni ban yi ba. Na tsaya da alli a hannu ina tunanin shekarun da na yi ina zaman shari'ar mutum ɗaya, ina ɗaure shi yau in sake shi gobe, shi kuwa bai ma san ana yi ba. Inna Hajo ba ta taɓa hana mu faɗin ra'ayinmu ba, ita ce ma take nema. Abin da ta ƙi shi ne mu ɗauka mun gama ji.

Da hutu ya zo na tafi gida. Na tarar da babana a zaure yana tufka igiya. Na zauna kusa da shi, na kama masa ɗaya bakin igiyar. Muka yi ta tufka har aka kira la'asar.