Kalmar da Na Canza a Dokar Sakin Gonaki

Ina shekarata ta biyu a majalisar komin ɗinmu, wato ƙaramar hukuma, can wajen Magarya, aka ɗora mini shugabancin kwamitin da zai tsara dokar sakin gonaki. Kafin zaɓe malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, shi ya sa duk rubutun Faransanci ni ake miƙa wa.

Rigimar tsohuwa ce. Bayan girbi makiyaya na so su shigo dabbobi su ci kara, manoma kuwa ba su gama tsinke wake ba. Tun da can fada ke sa ranar, sarki da hakimansa da ardon Fulani. Da aka kafa majalisa sai ikon ƙuri'a ya dawo hannunmu. Sarki na da kujera a cikinmu, amma shawara kawai yake bayarwa. Hatimi na wurinmu, a ƙauyuka kuwa maganarsu ake ji.

Sau uku muka zauna a zauren fada, har muka daidaita: majalisa ce za ta shelanta ranar, amma sai da yardar fada. Ardo, wani dogon dattijo marar yawan magana, ya yi alkawarin tsare garkunan a daji har a yi shela. Na ce zan rubuta in kawo a karanta musu. Sarki ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kai ka koya wa 'ya'yana karatu. Je ka rubuta, ba sai ka dawo da ita ba."

Washegari magajin gari, shugaban majalisarmu, ya karanta takardar a bironsa, wato ofis, ya ajiye tabarau.

"Malam, to me ya sa aka zaɓe mu? In sai sun yarda, ai mun koma magatakardan fada."

Na ce mun riga mun yi alkawari. Ya ce kalma ɗaya ce, a cire "yarda" a sa "shawara", dokar ƙasa ma haka ta tanada. Gaskiya ya faɗa ta wannan fuskar, kuma ni ma a raina ina son a san majalisa ta isa. Ba wanda ya tilasta mini. Da hannuna na canza. Ranar ƙuri'a aka karanta da Faransanci, wakilin sarki na zaune, ba ya jin harshen, ya gyaɗa kai.

Daminar shekarar ta yi jinkiri, wake bai nuna da wuri ba. Manoma suka matsa mana, muka ƙara mako uku kan lokacin da fada ta ambata, ba mu ko aika an sanar ba. Ardo ya cika alkawari. Ya tsare shanu a inda ciyawa ta ƙare, tafki ya ƙafe, har wasu suka kwanta ba su tashi ba.

Sarki ya aiko kirana da hantsi. Na tarar da ardo da hakimai zaune, takardar na kan tabarma. Sarki ya ce in fassara musu da kaina. Da na iso wurin kalmar, na faɗa yadda take.

"Haka muka yi da kai, Malam?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Kuskuren alƙalami ne?"

Hanya ya buɗe mini in tsira, na gane. Na dubi ƙafafun ardo, sun tsattsage saboda tafiya, na ce, "Ba kuskure ba ne. Ni na canza."

Ba wanda ya zage ni. Ardo ya ɗauki sandarsa ya yi wa sarki sallama, ya wuce ta gabana kamar ba kowa a wurin.

A zaman majalisa na gaba na tashi na faɗi abin da na yi. Magajin gari ya daina gaisawa da ni har ƙarshen wa'adinmu. Gyaran dokar ya ci wata biyar, domin fada ta zo da nata mai karatu, kowane layi sai an karanta sau biyu, da Faransanci da Hausa. An ƙare a kan cewa ɓangarorin biyu za su aika mutane su zagaya gonaki tare, in an saɓa a kai wa perfe, wakilin gwamnati a gundumar, ya raba.

Dokar tana aiki har yau, ta ma fi wadda muka fara tsarawa. Ardo ya rasu bara. Na je gaisuwa rugarsu, 'ya'yansa suka shimfiɗa mini tabarma, suka kawo nono. Ban sani ba ko ya taɓa gaya musu, ni kuma na kasa tambaya.