Ranar da Na Riƙe wa Surukina Tsani

Aikina shi ne hana mutane. Shekaru na yi a wani kamfanin fasa dutse a bayan garin Dutse ina hana lebura shiga fili ba hular kwano, ina hana direba yin baya ba mai duba masa, ina hana kowa abin da ya saba yi tun kafin a haife ni. Jami'in kiyaye haɗari ake kiran irinmu. Ma'aikatan kuwa sai suka raɗa mini Malam A'a, kuma ban ga laifinsu ba.

Da kamfanin ya rufe, sai na juya akalata zuwa ƙasashen Larabawa, inda ake gine-gine masu tsawo kuma ake neman masu hanawa. Na yi kwasa-kwasai, na tara satifiket, na yi fasfo. Abin da na kasa samu shi ne yardar surukina. Matata ce 'yarsa ta fari, kuma ya faɗa mata, ita kuma ta faɗa mini, cewa bai aurar da 'yarsa ga wayar salula ba. Ni da shi ba ma doguwar magana. Nakan tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Haka muka ga ana yi, kuma ina jin nauyinsa ƙwarai. Don haka na ce bari in fara samun aikin, yardar ta biyo baya.

Bayan neman da ya kusa ƙarar da ni, wani kamfanin gine-gine ya kira ni intabiyu ta bidiyo. Suka ce ba sa son hadda, sun gaji da masu hadda. In je wurin da ake gini, in zaga da waya, in nuna musu haɗarin da na gani da abin da zan yi a kai. Na yi murna, domin haɗari dai ba ma rashinsa. Matsalar ita ce duk mai ginin da na roƙa, da ya ji maganar bidiyo sai ya ɗauka hukuma ce ta turo ni. Saura gini ɗaya, benen da surukina yake ɗorawa a Limawa. Matata ta ce in kwantar da hankalina, ranar Baba yana kasuwar Shuwarin, ba ya dawowa sai bayan la'asar.

Na isa da hantsi cikin cikakken shiri: hular kwano, falmaran mai ƙyalli, takalmin aiki mai ƙarfe a baki. Na saka abin ji a kunne. Mutum biyu suka bayyana a wayar, wata Baturiya mai gilashi da wani Ba'indiye mai furfura. Na fara zagaye, kuma ba yabon kai ba, na yi ƙoƙari. Na nuna musu rodi a tsaye ba murfi, na nuna wayar wuta kwance cikin ruwan kwaɓin siminti, na nuna katakai zube ƙusoshi na kallon sama. Magina da na riga na roƙa suka yi ta ba ni haɗin kai, ina cewa a tsaya suna tsayawa, abin da ban taɓa samu ba a wurin aikina na gaskiya. Baturiyar tana gyaɗa kai. Har na fara tunanin irin jakar da zan saya.

Ina cikin bayanin wani tsanin katako da aka jingina da bango, wanda matakinsa ɗaya ya tsage kuma ba a ɗaure shi da komai ba, sai na ji sallama a bayana. Surukina ne, cikin babbar riga da silifa. Ashe motar da ya shiga ce ta lalace tun kafin a yi nisa, ya ce bari ya leƙa gininsa.

Ban yi shawara da kaina ba. Kafin in tuna da mutanen da ke cikin wayar, na zura ta a aljihun gaban falmaran, na kwance takalmin nan mai ƙarfe, na ajiye shi gefe, na durƙusa da safa a tsakiyar ƙusoshin da na gama yi wa duniya bayaninsu. Kyamarar kuwa tana leƙe ta saman aljihu.

“Baba, barka da hantsi. An dawo lafiya?”

“Lafiya lau. Ya mutanen gidan?”

“Suna gaishe ku.”

A cikin kunnena Baturiyar tana tambaya da Turanci wane ne wannan, me ya sa ba shi da hula, ina takalmina. Na ci gaba da durƙusona. Mutum ba ya durƙusa gaban surukinsa yana yi wa aljihunsa Turanci.

Baba ya tattara hannun rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya dubi tsanin, ya ce yana so ya hau ya ga yadda aka zuba dakin, wato kankaren rufin bene. Muryar da ke kunnena ta ce in tsayar da shi yanzu. Na san haka ya kamata. Na san yadda babbar riga take kama ƙusa, na san abin da silifa ke yi a kan katako, kuma tsoro ya kama ni sosai, don ina ƙaunar tsohon nan. Na tattaro duk ilimin da na biya kwas na koya, abin da ya fito daga bakina shi ne:

“Baba, a dai bi a hankali.”

“To, riƙe min,” in ji shi.

Na tashi na riƙe. Abin da mutanen ƙasar waje suka kalla ke nan: bakin babbar riga da silifa suna hawa mataki-mataki, da hannuwan jami'in kiyaye haɗari suna tallafe da tsagaggen tsani. Ya hau lafiya, ya zaga, ya yi wa birkila faɗa, ya sauko lafiya, ina riƙe. Sai da ya fita na koma bayan bulo na ciro wayar.

Ba'indiyen yana share ido, da alama ya sha dariya. Na ce musu mahaifin matata ne, kuma a wurinmu ba a ce wa suruki kada ya yi. Ba'indiyen ya ce ya gane, su ma haka suke. Baturiyar ba ta yi dariya ba. Ta ce a wurin aikinsu akwai dattawa da yawa, kuma kowannensu surukin wani ne. Ta yi mini godiya cikin ladabi, irin godiyar da ba a sake kira bayanta. Na ji haushinta, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ta faɗa.

Saƙon ba da haƙuri daga kamfanin, cewa ban samu aikin ba, ya iso cikin makon. Ban faɗa wa kowa ba sai matata, ita ma na ce ta yi shiru tukuna.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci surukina ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure tare da abokansa dattawan unguwa. Na durƙusa a bakin ƙofa. Bai kalle ni ba, su ya kalla. Ya ce birkila ya ba shi labari, ashe ranar nan da Turawa nake magana, suna kallona, amma ban fasa cire takalmi ba, ban fasa durƙusawa ba. Ya ce dama tsoronsa shi ne kada ƙasar waje ta canza ni, amma wanda bai ji kunyar girmama babba a gaban Turawa ba, ba abin da zai canza shi. Dattawan suka yi ta sa albarka. Wani ya ce ai irin wannan yaro kamfani rububinsa yake yi.

“Na yarda, ka tafi,” in ji surukina. “Allah ya tsare. Yaushe ne tafiyar?”

Duk suka juyo suna jira. Na sunkuyar da kai ƙasa.

“Ana ta shiri, Baba,” na ce.